Ƙasar da Ake Tayi Sau Ɗaya

Da yunwa na fara karatu a Amurka, kuma ba don babu abinci ba. Abincin yana gabana a kan dogon tebur, a ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje. Ranar tarbar baƙi ce, makona na farko a makarantar, a gefen birnin Washington. Tun safe ake ta yi mana bayani: yadda mutum zai kiyaye bizarsa, inda asibitin ɗalibai yake, inda ake neman tallafi, da ƙungiyoyin da za a iya shiga. Da rana ta yi, shugabar ofishin, wata doguwar mata mai gajeren gashi fari fat, ta miƙo mini faranti ta ce in ɗebi abinci.

Na ce, "Na gode, na ƙoshi."

Ta ce, "To, shi ke nan." Ta miƙa wa na bayana farantin.

Na tsaya ina jira. Jiran me? Jiran ta dawo mana! Na ga ta zagaye kowa, na ga mutane sun cika faranti sun nemi wurin zama, na ga an fara rufe kwanukan, baiwar Allah ko kallona ba ta sake yi ba. Cikina sai ƙugi yake, tun shayin asuba ban sa komai a baki ba. Na koma kujerata ina ta tunanin laifin da na yi mata daga zuwana.

A gidanmu a Funtuwa, idan ka je gidan mutane aka kawo maka abinci, ba ka kai hannu daga tayin farko. Za ka ce ka ƙoshi. Matar gida ta ce haba dai. Ka ce ai ba ka daɗe da ci ba. Ta ce ko loma ɗaya, don Allah kada ka ba ta kunya. Sannan ka gyara zama ka ci, kowa ya fita kunyar kowa. Inna ce ta yi mana wannan tarbiyya, kuma da ido ta yi ta. Ka kuskura ka karɓi abu daga miƙowar farko a gabanta, ba za ta ce maka uffan ba, harara ɗaya za ta aiko maka daga can ƙarshen tabarma, ƙosan ya tsaya maka a wuya.

Inna ba ta yi boko ba. Allonta ta sani da Alƙur'aninta, kuma ta sauke. Amma tsofaffin littattafanmu na makaranta ba ta taɓa bari an yi ƙunshin ƙosai da su ba. Suna nan a ƙasan adakarta, lokaci-lokaci ta fito da su ta kakkaɓe, ta buɗe tana kallon hotuna. Mukan tsokane ta mu ce Inna mai gadin laburare, ta ce mu ci gidanmu. Da na taho, saƙon murya take turo mini, ƙanwata ce ke danna mata wayar.

To ni ba mai barin abu ya wuce ni ba ce. Tun ina ƙarama ake ce mini sarkin tambaya. Na ce sai na gane kan mutanen nan, rowa ce da su ko me? Ban daɗe ba na samu amsa, kuma a kan kwanon shinkafata na same ta.

Akwai wani ɗaki a sashenmu inda ɗalibai ke cin abincin rana. Ran nan na zo da shinkafa da wake, da mai da yaji. Yajin ma sai da na shiga jirgin ƙasa har wata unguwa da ake kira Wheaton na sayo shi a shagon wata Hajiya 'yar Maraɗi, ina tattalinsa kamar magani. Na buɗe kwano ke nan sai ga wani ɗan ajinmu, dogo, mai jan gashi, ya shigo. Bakina ya yi abin da ya saba, na ce masa ya zo mu ci. Wallahi ko ɗagowa ban yi ba, don a wurinmu wannan gaisuwa ce kawai, amsarta na gode, a ci lafiya. Sai na ji ƙarar jan kujera. Bawan Allah ya zaro cokali mai yatsu daga jakarsa, ya zauna dab da ni, ya fara. Yana ci yana hawaye saboda yaji, yana share hanci, yana cewa bai taɓa cin abu mai daɗin wannan ba. Na riƙe cokalina ina kallon ikon Allah har ya kai ƙasan kwano. Da ya gama ya yi mini godiya da zuciya ɗaya, ya tambayi sunan garin jan nan.

Ranar ma da yunwa na wuni, amma na tafi gida ina dariya ni kaɗai a cikin bas. Ashe ba rowa ba ce. Su idan suka ce ka ci, nufinsu ka ci, idan ka ce a'a, sun yarda da kai. Na ce to, na gane maganar abinci. Sai dai a kan abinci kaɗai na ajiye wannan ganewar.

Daga nan na shiga zagaya makarantar ina leƙa ko'ina. A ƙasan ginin ɗalibai na tarar da wani ɗaki cike da kayan abinci, shinkafa, taliya, madara, gwangwanaye, duk ɗalibin da abin hannunsa ya yi ƙasa ya shiga ya ɗiba. Na tsaya bakin ƙofa na daɗe ina kallo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wa za ka yi wa godiya? Babu mai miƙo maka, babu wanda za ka durƙusa wa ka ce Allah Ya ƙara arziki. Ka ɗauka ka sa a jaka ka fita, sai ka ce ɗakin uwarka. Na tambayi yarinyar da ke jera kayan, ta ce ai don haka aka ajiye. Na leƙa ranar baje kolin ƙungiyoyi, kowa da teburinsa a fili: masu hawan dutse, masu muhawara, ɗalibai Musulmi, ɗaliban Afirka, har da ƙungiyar masu kallon tsuntsaye. Tsuntsaye fa! Kowane tebur aka ce in shiga, na ce zan yi shawara, suka ce to. Babu wanda ya riƙe mini mayafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin ganin malami. Kowane malami yana da sa'o'in da yake zama a ofis, ƙofa a buɗe, yana jiran ɗalibai. Malamin da ke duba aikina wani dattijo ne, farfesa a fannin tsabtar ruwan sha, abin da na zo karantawa ke nan. Ya ce kowa ya kira shi da sunansa tsura, ni dai harshena ya ƙi, Farfesa na ci gaba da ce masa. Na ce tun da mutum ya buɗe ƙofa, ai ya kamata a je a gaishe shi. Na je. Na tambayi lafiyarsa, da iyali, da aiki, da sanyi. Ya amsa duka da fara'a, sannan ya haɗa hannuwa a kan tebur ya ce, "Me zan yi miki?"

Na ce, "Ba komai, Farfesa. Gaishe ka na zo yi."

Ya kalle ni ta saman tabarau, kamar akwai sauran magana. Na yi masa sallama na fito. Haka na riƙa yi kusan kowane mako, ina jin daɗin cewa ina gina zumunci.

Duk wannan yawon buɗe ido da nake yi, akwai abin da ke cin raina. Tallafin da ya kawo ni na shekara ɗaya ne, digirin kuwa na shekara biyu. Tun kafin in taso na sani. Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa, yayana malamin sakandare ne da nasa iyalin, babu wanda zai ɗauki kuɗin makarantar Amurka a gidanmu. Shugabar ofishin nan mai farin gashi ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Mai bizar karatu ba ya aiki a waje, sai cikin makaranta, shi ma na 'yan sa'o'i. Hanyar da ta fi ita ce wani malami ya ɗauke ka kana taya shi bincike, makaranta ta yafe maka kuɗin karatu, a riƙa ba ka ɗan alawus. In babu wannan, kuma ba ka iya biya, sai ka haɗa kayanka. Ni da aka yi wa rakiya har tasha, Inna tana share hawaye da gefen mayafi, in koma da rabin digiri? Abin yana hana ni sakewa.

Wajen ƙarshen sanyi Farfesa ya kai mu bakin kogin Potomac ɗibar ruwan gwaji. Muna sanye da dogayen takalman roba, kowa da kwalabensa. Ni aikin nan na saba da shi tun a gida, na yi shi a rijiyoyi da madatsun ruwa, don haka hannuna ya fi na sauran sauri. Ina tsugune ina rufe kwalba sai ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce ya samu kuɗin wani bincike, yana neman ɗalibi ɗaya da zai taya shi a shekara mai zuwa, da yafe kuɗin makaranta da alawus. Ya ce, "Na ga aikinki. Kina so?"

Abin da nake roƙon Allah a kowace sujada ke nan, ga shi an kawo mini har bakin ruwa. Amma babban mutum ne, malamina, ya yi mini tayin abu mai girma haka, in buɗe baki in cafke kamar mayunwaciya? Na sunkuyar da kai na ce, "Farfesa, na gode ƙwarai. Amma akwai waɗanda suka fi ni cancanta. Kada in tare wa wani wuri."

Ya ce, "Haka ne? To, na gane." Ya juya ya ci gaba da duba kwalabensa.

Ku ji wauta, ranar da farin ciki na koma gida. A lissafina an yi tayin farko, na nuna ni 'yar gidan mutunci ce, saura na biyu. Har Wheaton na je na sayo naman rago na yi farfesu, Hajiya 'yar Maraɗi tana tambayata ko albishir aka yi mini, na ce yana hanya. Na ƙara yawan zuwa gaisuwa ofishinsa don in ba shi damar sake maganar. Ya ce me zai yi mini, in ce ba komai. Itatuwan makaranta suka yi fure, furen ya zube, shiru. Na fara cewa ko dattijon yana gwada haƙurina ne.

Dogon nan mai jan gashi ne ya kawo mini labari, a ɗakin cin abinci, cokalinsa a cikin kwanona, don zuwa lokacin ya zama ɗan gida. Ya ce in taya shi murna, Farfesa ya ɗauke shi aikin binciken. Ya ce, "Ke ya fara nema fa. Ya ce kin ce ba kya so. Na yi mamaki, kin samu wani wuri ne?"

Na ce masa barka. Na tura masa kwanon gabansa na ce ya cinye, wannan karon da gaske nake.

Ƙarshen makon na tafi Fort Washington wurin Anti. 'Yar garinmu ce, likitar yara, ta daɗe a ƙasar, ita Inna ta damƙa wa amanata ta hanyar wata ƙawarta. Da safe ta yi waina da miyar taushe, na ce ba na jin yunwa, ta ce in rufe mata baki in ci, ta zuba ta ƙara. Rabon da a matsa mini in ci abinci har na manta, sai kawai hawaye suka zubo. Na kwashe labari na gaya mata.

Anti ta ajiye ludayi ta riƙe haɓa. "Innalillahi! Ke 'yar nan, da hankalinki? A ƙasar nan aka ce kina so, ki ce e tun kafin mai maganar ya rufe baki. Kawaici kika yi wa Bature? Shi ina ya san wani kawaici?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Anti, to mutum ya zubar da tarbiyyarsa don ya zo Amurka? Ai shi ne babba, ya kamata ya gane."

Ta ce, "Je ki kira uwarki ki gaya mata haka."

Na ɗauki waya na fita bayan gidan, inda ake hango kogin ta tsakanin itatuwa. Hantsi ne a nan, can gida an yi la'asar. Na tabbata Inna za ta goyi bayana, ai karatunta na biya. Ƙanwata ta miƙa mata wayar, muka gaisa, na zayyana mata komai, har da yadda na sunkuyar da kai. Na ƙare da cewa, "Inna, ai daidai na yi ko?"

Ina jin kukan awaki a bayanta.

Can ta ce, "Lokacin ina goyon yayanku, aka buɗe ajin matan aure da yamma a makarantar da babanku yake koyarwa. Wata rana yana alwala ya ce mini, ko za ki shiga? Kakarku tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na ce a'a Malam, ina ni ina boko, ga goyo. Ya ce to. Ya sa takalmi ya tafi masallaci."

Na ce, "Sai kuma me?"

"Sai na yanki ƙyalle na ɗinka jakar littafi, na ɓoye a adaka, ina jira ya sake magana."

"Ya sake?"

"Har Allah Ya karɓi abinSa bai sake ba. Kada ki ga laifinsa, mutumin kirki ne, ya ɗauka gaskiyata na faɗa masa."

Adakar nan na sha buɗe ta, na sha ganin wata 'yar jaka ta atamfa a ƙarƙashin littattafanmu, ban taɓa tambaya ba, ni da ake kira sarkin tambaya. Na ce, "Inna, me ya hana ki gaya masa?"

Ta ce, "Da wane bakin? Ke kuwa kina da baki, har ya yi miki yawa. Gobe ki je ki ce wa malamin nan kina so. In an ba wani, an ba wani, amma ya ji daga bakinki."

Ranar Litinin na shiga ofishin Farfesa. Ban tambayi iyali ba, ban tambayi sanyi ba. Ya haɗa hannuwa kamar kullum ya ce me zai yi mini. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Aikin nan da ka yi mini tayi a bakin kogi, ina so. Tun ranar nake so. In ban samu tallafi ba, ba zan iya dawowa shekara mai zuwa ba."

Ya cire tabarau. "To me ya sa kika ce a'a?"

"Sau ɗaya ka tambaye ni."

Na yi masa bayanin yadda ake yi a wurinmu. Na zaci zai yi dariya ko ya ji haushi, sai na ga ashe shi ma ɗan'uwana ne a son bin diddigi. Ya jawo kujera ya fara jero tambayoyi. Wa ke fara tayi? Ƙarami ma yana yi wa babba? To idan mutum da gaske ba ya so, ta yaya ake ganewa? Na ce wanda ba ya so zai kawo dalili mai nauyi, kuma zai dube ka ya faɗa, mai so kuwa kansa a ƙasa yake.

Ya ce, "Ke ranar kanki a ƙasa yake?"

Na ce, "Har ya kusa taɓa ruwa."

Ya ce, "Ni na ɗauka kwalbar kike dubawa."

Dariya ta kusa ƙwace mini, amma shi bai yi ba. Ya ce shekara da shekaru yana koyar da ɗalibai daga ƙasashe iri-iri, kuma ba ni ce ta farko da ta ce masa akwai wanda ya fi ta cancanta ba. Bai ƙara komai a kan wannan ba. Ya ce aikin ya riga ya ba wani, ba zai karɓe ba. Na ce ko ya ce zai karɓe ba zan yarda ba, yaron bai yi mini komai ba sai cin shinkafata. Sai ya ce ya ji ofishin ɗaliban ƙasashen waje suna neman ɗalibin digiri na biyu da zai taya su aiki, shi ma da yafe kuɗin makaranta. Ya ɗora hannu a kan wayar tebur ya ce, "Kina so in kira shugabar in yi mata maganarki?"

Na ji a'a ta taso mini har bakin leɓe, wallahi da kanta ta taso. Na haɗiye ta. Na ce, "Ina so."

Ba ni kaɗai ke nema ba, sai da aka yi mana ganawa ɗaya bayan ɗaya. Matar mai farin gashi ta dube ni ta ce in gaya mata abin da zan kawo wa ofishin wanda wasu ba su da shi. Oh ni, wata sabuwa! Yanzu kuma yabon kai, abin da a gida ake yi wa mutum dariya a kansa. Na nisa na ce, "Kin tuna ranar tarbar baƙi kin miƙo mini faranti na ce na ƙoshi?" Ba ta tuna ba, ina za ta tuna. Na ce, "Ranar da yunwa na wuni. Kuna da ɗakin abinci, kuna da asusun gaggawa, kuna da ƙungiyoyi, komai kun tanada. Amma akwai ɗalibai irina da ba za su taɓa miƙa hannu ba sai an sake tambayarsu. Ni ina gane su daga tsayuwarsu."

Ta dafe kai da hannu biyu ta ce, "Da yunwa? Ga abinci har muka rasa yadda za mu yi da shi!"

Bayan 'yan kwanaki ta kira ni ofis ta ce sun zaɓe ni, in ina so. Ban bari ta kai ƙarshen maganar ba. Da aikin nan na ƙarasa digirina, binciken ruwan kuma na yi shi a ɗakin gwajin Farfesa, kafaɗa da kafaɗa da dogon, wanda zuwa lokacin yake zuwa Wheaton sayen yajinsa da kansa.

Da sabuwar shekarar karatu ta zagayo, ni ce a bayan dogon teburin ranar tarbar baƙi. Masu cewa e na ba su faranti su wuce. Masu cewa sun ƙoshi kuwa na dubi idonsu, in na ga kai a ƙasa, in ce haba dai, ko kaɗan. Wata yarinya daga wata ƙasar Asiya sai da na bi ta har kujerarta. Da ta karɓa, ba ta ɗago ba sai da farantin ya koma fes.

Tun kafin ranar na sa ƙanwata ta bincika mini, ta ce har yanzu ana ajin manyan mata a makarantar unguwarmu, inda Baba ya koyar. Washegarin tarbar baƙin da hantsi na kira gida. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, ajin matan nan yana nan fa. Ko za ki shiga?"

Ta ce, "Ke tafi can. Ni da jikoki? A yi mini dariya a unguwa?"

Na ce, "Haba Inna. Akwai waɗanda suka girme ki a ciki."

Ta ce, "A'a, lokacina ya wuce. Ku dai ku yi, ya ishe ni."

Ban ce to ba. Na ce, "Don Allah, Inna. Kada ki ba ni kunya. Ko na wata ɗaya ne, ki je ki gani."

Ina jin awakin nan suna kuka, ina jin ƙanwata tana cewa wani ya rufe ƙofar zaure. Na riƙe wayar da hannu biyu ina jira.

Ta yi gyaran murya ta ce, "Wai da safe suke yi, ko da yamma?"